Marigayi Sarkin Kano Alhaji Sir Muhammadu Sanusi: Daga Hakimcin Bichi Zuwa Zaman Wudil

A wannan fitowa za mu waiwayi rayuwar marigayi Sarkin Kano Alhaji Sir Muhammadu Sanusi na ɗaya, wanda mutanen ɗariƙar Tijjaniyya suka fi sani da Halifa Sanusi. Da yawa daga cikinmu 'ya'yan ƙauyukan arewacin Kano ne, mun kuma taso muna jin sunansa a bakin kakanninmu. Waɗansu da kewa suke ambatonsa, waɗansu kuwa sai sun rage murya tukuna, ko da yake ya daɗe da barin gadon sarauta. Ban da wannan, yawancinmu a yau Allah Ya ɗora mana shugabancin mutane. Akwai hedimastoci da firinsifal-firinsifal a cikinmu, akwai daraktoci da shugabannin sassa a ƙananan hukumomi, akwai masu shaguna da yara a ƙarƙashinsu. Duk wanda ya taɓa riƙe mutum ko da biyar ne a wurin aiki, zai ga wani abu nasa a cikin tarihin wannan bawan Allah, wanda ya riƙe ma'aikata mafi girma da arziki a duk Jihar Arewa, ya kai ta inda ya kai ta, daga ƙarshe kuma rigimar cikinta ta zama sanadin rabuwarsa da mulki.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Muhammadu Sanusi a Kano a farkon shekarun 1900, daidai lokacin da Turawa suke kafa mulkinsu a ƙasar Hausa. Shi ɗan Sarkin Kano Abdullahi Bayero ne, ɗan Sarki Muhammadu Abbas, ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi, ɗan Sarki Ibrahim Dabo, wanda daga kansa ne sarautar Kano ta zauna a gidan Sulluɓawa a shekarar 1819. Kakansa Abbas shi ne Sarkin da Turawa suka naɗa bayan sun ci Kano a 1903, ya kuma yi mulki har 1919. Bayansa Sarki Usman ya hau, ya yi zamani har 1926, sannan sarauta ta komo ga Abdullahi Bayero.

Sanusi ya tashi a gidan mulki da karatu. Ya yi karatun Alƙur'ani da littattafan addini a hannun malaman Kano, kuma duk tsawon rayuwarsa an shaide shi da son ilmi da riƙon ibada. Mahaifinsa, kafin ya zama Sarki, shi ne Ciroman Kano kuma Hakimin Bichi. Da ya hau gado sai ya naɗa Sanusi Ciroma, ya tura shi Bichi, wato kujerar da shi kansa ya tashi daga kanta.

Ciroma a Bichi

Wanda bai san ƙasarmu ba, ba zai gane nauyin da ke kan hakimi a wannan yanki ba. Tun daga bakin ganuwar birni har zuwa Dawakin Tofa da Bichi, gona ce take bin gona, gida yana hango gida. Ƙasa ba ta samun hutu, kowace damina sai an noma ta, da taki ake riƙe ta. Da rani jakuna suna shiga birni da itace da hatsi, su komo da mangaloli cike da taki. Kowace ɗorawa da kuka da tsamiya tana da mai ita, kowace iyaka an ja ta da gamba ko bini-da-zugu, kuma taku ɗaya da wani zai ci a iyakar maƙwabcinsa ya isa ya kai su gaban hukuma. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama hanyar samun kuɗin manomi, da ita yake biyan haraji, da ita yake aurar da 'ya'ya.

Aikin hakimi a wancan zamani sarƙa ce. Sarki yana sa ido a kan hakimi, hakimi a kan dagatai, dagatai a kan masu unguwanni, su kuma a kan magidanta. Kowace shekara sai an yi ƙidayar masu biyan haraji, a yanka wa kowane gari abin da zai kawo, a tara bayan kaka, a kai baitulmali a birni ba tare da kwabo ya yi ciwon kai ba. Ga jangali a kan shanun Fulani. Ga kuma Di'o da ke zuwa rangadi yana bin littattafai layi-layi. Dagacin da kuɗinsa suka gaza yana iya rasa rawaninsa, hakimin da aka samu da sakaci shi ma haka. A farkon shekarun 1930 farashin gyaɗa ya faɗi warwas saboda karyewar kasuwannin duniya, amma haraji bai daina zuwa ba. A irin wannan makaranta Sanusi ya koyi mulki, inda umarni yake gangarowa daga sama, kuɗi da rahoto suke hawa daga ƙasa, uzuri kuwa ba ya da kasuwa. Ya yi suna a matsayin hakimi mai ƙwazo da tsanani, wanda ba a kawo masa wasa.

Daga baya aka dawo da shi birni ya shiga majalisar mahaifinsa, harkokin gundumomi suka koma hannunsa. A 1947 ya zama ɗan Majalisar Jihar Arewa a Kaduna. Yayin da tsufa ya kama Sarki Abdullahi Bayero, yawancin al'amuran yau da kullum sai suka riƙa bi ta hannun Ciroma, har ya zama kowa a Kano ya san wanda zai gaji gadon tun mai shi yana da rai.

En'e, ma'aikatar da ya gada

Matasan cikinmu ba su tarar da En'e ba, don haka ya kamata a ɗan yi bayani. En'e ita ce hukumar gargajiya da Turawa suka yi mulki ta hannunta, Sarki ne shugabanta. Ita ke da baitulmali da kotunan alƙalai da 'yan doka da gidan yari. Ita ke biyan hakimai da dagatai albashi. Makarantun elemantare da Midil nata ne, haka asibitin birni da ɗakunan shan magani na ƙauyuka, da ma'aikatar ayyuka, da ofishin safiyo, da maɗaba'a, da malaman gona da na daji da na dabbobi, da duba-gari. En'en Kano ta fi kowace En'e a Arewa kuɗin shiga, saboda yawan jama'arta da albarkar gyaɗa. Da kuɗinta aka kawo wa birni ruwan famfo daga Challawa da wutar lantarki a 1931, a lokacin da garuruwa da yawa ba su ko yi mafarkin haka ba.

Saboda haka idan yaro ya gama Midil a wancan zamani, kusan babu inda zai nufa sai En'e. Ita ce uwa, ita ce uba. Wanda ya ɓata da ita ya ɓata da abincinsa, wani lokaci har da gidan da yake zaune da gonar da yake nomawa, domin shari'ar ƙasa a Kano majalisar Sarki ce take yin ta. A ma'aikata irin wannan, halin mutum ɗaya da ke sama shi ne yanayin da dubban mutane suke kwana su tashi a cikinsa.

Uba da ɗa

Sarki Abdullahi Bayero, wanda ake kira Sarki Alhaji saboda hajjin da ya yi a 1937 yana kan gado, an san shi da haƙuri da tawali'u da gudun duniya. A zamaninsa aka rarraba ayyukan En'e a tsakanin manyan 'yan majalisa, irin su Waziri da Madaki da Galadima, kowa da sashen da yake kula da shi, Sarki kuma yana sauraron shawara kafin ya yanke. Ya yi shekara 27 yana mulki, kuma a cikinsu aka buɗe Midil ta Kano a 1927, da makarantar shari'a a 1934 wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci, aka kuma gina babban masallacin Juma'a na birni. Sai dai shi ma wannan salo da kuɗinsa. Shugaba mai sakin ragama, idan ƙarfinsa ya ragu, ragamar ba ta zama a ƙasa, wani ne yake ɗauka. A Kano Ciroma ne ya ɗauka.

Shi Sanusi wani irin mutum ne daban. Allah Ya yi masa kwarjini, ga kaifin basira, ga saurin yanke hukunci. Ba ya son jinkiri, ba ya son a maimaita masa magana, ba ya kuma barin aiki a hannun wanda bai amince da shi ba. Masu ƙaunarsa da masu sukarsa duk sun haɗu a kan cewa a zamaninsa ma'aikaci ba ya wasa da aiki, hakimi ba ya barci da ido biyu. Inda suka rabu shi ne a kan abin da wannan tsanani ya haifar.

Shekarunsa a kan gado

Sarki Abdullahi Bayero ya rasu a watan Disamba na 1953, watanni kaɗan bayan tarzomar da aka yi a Kano a watan Mayu na wannan shekara. Sanusi ya gaje shi, aka yi bikin ba shi sanda a 1954. A wannan shekarar ce kuma Sardaunan Sakkwato, Alhaji Ahmadu Bello, ya zama shugaban jam'iyyar NPC kuma Firimiyan Jihar Arewa. Mutanen nan biyu aminai ne a lokacin, kuma goyon bayan Sarkin Kano yana cikin ginshiƙan da NPC ta tsaya a kansu.

Darajar Sanusi ta yi sama ƙwarai a waɗannan shekaru. Ya zama minista maras ofishi a gwamnatin Jihar Arewa, kuma jigo a Majalisar Sarakuna. Ya karɓi baƙuncin Sarauniyar Ingila Elizabeth a Kano a watan Fabrairu na 1956, an kuma ba shi lambar girma ta Sir. Ya taɓa riƙe muƙamin Gwamnan Jihar Arewa na ɗan lokaci sa'ad da Gwamna Bature ya tafi hutu. A zamaninsa masana'antu suka fara yawaita a Bompai, dalar gyaɗa ta zama alamar Kano a idon duniya. Ta fuskar addini kuwa, shi da kansa yake jan sallar Juma'a, ya kuma ƙarfafa dangantakar da mahaifinsa ya ƙulla da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha a ƙasar Senegal, har Kano ta zama cibiyar Tijjaniyya a Nijeriya.

Amma zamanin da ya hau ba irin na kakansa ba ne. Tun a watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo ƙudurin gyaran En'e a majalisar Kaduna, kuma dokokin da suka biyo baya, har zuwa dokar En'e ta 1954, sun ɗaure Sarki da ya yi aiki tare da majalisarsa maimakon shi kaɗai ya zama hukuma. A wannan watan na Agusta 1950 ne kuma aka kafa NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zo ya shugabanta, babban abin da take yaƙi da shi kuwa shi ne zaluncin da take cewa ana yi wa talakawa a ƙarƙashin En'e. Sarki Sanusi bai sassauta wa NEPU ba. 'Ya'yanta da yawa, a birni da ƙauye, sun sha ɗauri a kotunan alƙalai, kuma ma'aikacin En'e da aka gani yana hulɗa da su yana iya rasa aikinsa. Duk da haka Malam Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas a zaɓen tarayya na 1959.

Inda ɓaraka ta fara

Rigimar da ta ci sarautar Sanusi ba daga NEPU ta fito ba. Daga cikin gida ta taso, ta fuska biyu.

Fuska ta farko ita ce tsakaninsa da na ƙasa da shi. Masu sukarsa sun riƙa cewa ya tattara iko a hannunsa, ya fifita 'ya'yansa da na jikinsa a muƙamai, majalisa kuma ta koma wurin amsa umarni. Ko da an rage wani abu daga wannan zargi saboda adawa, abu ɗaya a fili yake: mutumin da ake jin tsoronsa haka, da wuya a sami mai tunkararsa da labari maras daɗi. Magatakarda ya ga lissafi bai daidaita ba, sai ya ja bakinsa. Ɗan majalisa ya ga an ɗauko aikin da baitulmali ba za ta iya ɗauka ba, sai ya sunkuyar da kai ya yi gaisuwa. Wanda aka tsallake a ƙarin girma, ko aka tsawata masa a gaban jama'a, ba ya da ƙofar da zai kai kuka a cikin gida, sai ya haɗiye ya jira rana. Shiru irin wannan shugaba yakan ɗauke shi biyayya, alhali kuwa bashi ne yake taruwa.

Fuska ta biyu ita ce tsakaninsa da na sama da shi. Kafin siyasa, Sarkin Kano ba ya da maigida sai Razdan da Gwamna. Da aka ba Jihar Arewa mulkin kai a watan Maris na 1959, Nijeriya kuma ta sami 'yanci a 1960, sai iko ya koma hannun ministoci, waɗanda yawancinsu jiya-jiya ma'aikatan En'e ne. Shi kansa Sardauna daga hakimcin Rabah da majalisar Sarkin Musulmi ya fito. A Kano, mutane irin su Alhaji Inuwa Wada da Alhaji Maitama Sule da Alhaji Sule Gaya duk da koyarwa ko aikin En'e suka fara kafin su zama ministoci a Legas da Kaduna. Wato yaran gida sun zama masu sa hannu a takardun da maigida zai bi. Wannan juyi yana buƙatar haƙuri daga kowane ɓangare, haƙurin kuwa ya yi ƙaranci.

Kaduna ta ci gaba da rage ikon sarakuna a hankali. Sabuwar dokar laifuffuka da ta fara aiki a 1960 ta ɗaure hannun kotunan sarakuna da na alƙalai. A 1962 aka naɗa Sir Kashim Ibrahim Gwamnan Jihar Arewa, ɗan ƙasa na farko a wannan kujera. A wannan shekarar kuma aka ƙirƙiro muƙamin Kwamishinan Lardi, ɗan siyasa mai wakiltar Firimiya, wanda aka ɗora a kan En'e-En'en lardinsa. Wanda aka turo Kano shi ne Alhaji Aliyu Magajin Garin Sakkwato. A idon fadar Kano, an ɗauko basaraken Sakkwato an ɗora shi a kan Sarkin Kano a cikin garinsa. A idon Kaduna kuwa, Sarkin Kano ya ɗauki kansa kamar wata gwamnati ce a cikin gwamnati. Ga tsohuwar gasa tsakanin Kano da Sakkwato, ga bambancin ɗariƙa, ga ƙorafin Kanawa cewa dukiyarsu ce take riƙe da Arewa amma ba a yi musu aiki gwargwadonta. Aminan jiya sai suka koma magana ta bakin 'yan aike, masu kai gulma kuma suka sami kasuwa.

Binciken Muffett da murabus

Ana cikin haka sai kuɗi suka yanke wa En'en Kano. Hukumar da ta fi kowace arziki a Arewa ta kai ga biyan albashin ma'aikatanta yana gagararta. Kowa a cikinmu ya san abin da makarar albashi take yi wa gida. Malamin makaranta a ƙauye, da ɗan doka, da leburan hanya, ba su da ruwa da gasar Kano da Sakkwato, amma su ne suka fara ɗanɗana kuɗarta a wurin mai hatsi da mai kanti.

A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta naɗa wani babban jami'inta Bature, D.J.M. Muffett, shi kaɗai, ya binciki harkokin kuɗin En'en Kano. Ya zauna a Kano yana duba littattafai yana sauraron shaidu. A nan ne bashin shirun nan ya zo biya, domin mutanen da suka yi shekaru ba su iya ɗaga ido a fada ba, sun sami wanda zai saurare su. Da rahoto ya isa Kaduna, gwamnati ta yanke cewa an tafiyar da dukiyar En'e ba bisa ƙa'ida ba, kuma alhakin yana wuyan shugabanta. Ba a buga cikakken rahoton don jama'a su karanta ba, wannan kuwa ya bar ƙofar zargi a buɗe.

A watan Maris na 1963 aka kira Sarki Sanusi Kaduna, ya sa hannu a takardar murabus a gaban Gwamna Sir Kashim Ibrahim, aka wuce da shi Azare a ƙasar Katagum. Mutumin da ake ganin ba ya lanƙwasuwa bai yi gardama ba, bai kuma tunzura kowa ba, ko da yake yana da dubban mabiya da za su iya tayar da gari. Aka naɗa baffansa, Galadima Muhammadu Inuwa ɗan Sarki Abbas, wanda ya yi kimanin wata shida ya rasu. A watan Oktoba na 1963 aka naɗa ƙanen Sanusi, Alhaji Ado Bayero, tsohon Wakilin Doka wanda a lokacin yake jakadan Nijeriya a Senegal, ya kuma yi mulki har 2014.

Har yau ba a daina muhawara a kan wannan al'amari ba. Magoya bayan Sanusi sun tsaya a kan cewa siyasa ce, an nemi dalili ne kawai aka samu, domin ba En'en Kano kaɗai ce take da matsalar lissafi ba. Cikin fushin haka waɗansu suka kafa jam'iyyar KPP ta mutanen Kano a 1963, wadda ta haɗa kai da NEPU, wato abokan gabar Sarki na jiya. Masu kare gwamnati kuwa suna cewa babu hukumar da za ta zuba ido ma'aikata suna zaune babu albashi. Mai adalci zai ga kowace magana da gaskiyarta. Da babu ɓaraka a baitulmali, da Kaduna ba ta sami ƙofar shiga ba. Da kuma akwai sauran aminci tsakanin Sarki da Firimiya, da wataƙila gyara aka yi maimakon rabuwa.

Ita kanta En'e ba ta daɗe ba bayan haka. An kashe Sardauna a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966. Aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 da Audu Baƙo a matsayin Gwamna, gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun sarakuna, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe babin En'e gaba ɗaya.

Azare da Wudil

Wani abin mamaki a rayuwar Sanusi shi ne, girman da ya samu bayan ya bar mulki bai gaza na lokacin da yake kai ba. A Azare ya duƙufa ga ibada da karatu da zikiri. Shehu Ibrahim Inyass ya ba shi halifancin Tijjaniyya a Nijeriya, jama'a kuma suka riƙa yin tururuwa daga Kano da sauran garuruwa don ziyararsa, alhali ba ya da ɗan doka ko ɗaya, ba ya naɗawa, ba ya tuɓewa. Waɗanda a da tsoro yake kawo su gabansa sun watse, waɗanda ƙauna take kawowa suka rage, kuma ba kaɗan ba ne.

A zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, wanda ya hau a 1979 a ƙarƙashin PRP, aka ba shi damar komowa Jihar Kano, ya zauna a Wudil. Abin lura a nan shi ne, magadan NEPU, jam'iyyar da ta fi kowa shan wuya a zamaninsa, su ne suka buɗe masa hanyar gida. Allah Ya yi masa rasuwa a 1991. Ya bar 'ya'ya da jikoki masu yawa, cikinsu har da Ciroman Kano Alhaji Aminu Sanusi, wanda ya yi jakadanci ya kuma zama babban sakatare a ma'aikatar harkokin waje, da jikansa Sanusi Lamiɗo Sanusi, wanda aka naɗa Sarkin Kano a 2014, aka sauke shi a 2020, gwamnatin jiha ta mayar da shi a 2024.

Abin da ya rage gare mu

Ba mu kawo wannan tarihi don mu yi wa magabata shari'a ba, sun riga sun koma ga Mai shari'ar gaskiya. Mun kawo shi ne domin abin da ya faru a En'en Kano yana faruwa a ƙaramin sikeli a ofisoshinmu da makarantunmu. Tsanani yana sa aiki ya yi sauri, wannan gaskiya ne, kuma duk mun ga makarantar da ta lalace saboda shugabanta ba ya iya tsawatawa. Amma ɗan'uwa firinsifal ko darakta, ka tambayi kanka: yaushe rabon da akawunka ko mataimakinka ya shigo ya faɗa maka ka yi kuskure? Idan ka daɗe ba ka ji haka ba, kada ka ɗauka kuskuren ne ya ƙare. Mai yiwuwa ana ajiye maka shi ne sai ranar da kwamitin bincike ya zo.

Haka nan wanda Allah Ya ɗaga ya zama shugaban tsohon maigidansa, ko shugaban malamin da ya koyar da shi, abin da ya faru da yawa a cikin wannan ƙungiya tamu, to ya tuna girma ba ya hana bin doka, doka kuma ba ta hana ba da girma. Shi ma wanda aka ɗora masa yaronsa a kai, ya sani zamani riga ne. Da Sarki da Firimiya sun ci gaba da zama su biyu suna faɗa wa juna gaskiya kamar yadda suka saba a farko, da masu shiga tsakani ba su sami abin ɗauka ba. Kuma duk lokacin da manya biyu suka sa zare a wurin aiki, a duba a ga wa ya kwana da yunwa. A 1962 malamin ƙauye ne da ɗan doka da lebura. Kaɗan daga cikin tsofaffin malamanmu da suka fara aiki a ƙarƙashin En'e suna nan da rai, ya kamata mu je mu gaishe su, mu ji sauran labarin daga bakinsu tun da sauran lokaci.

Allah Ya jiƙan Sarki Sanusi da mahaifinsa Sarki Alhaji, da Sardauna, da Malam Aminu Kano, da sauran magabatanmu baki ɗaya. Ya yafe musu kurakuransu, Ya saka musu da alheri a kan abin da suka yi daidai. Mu kuma da aka ba amanar mutane, Allah Ya ba mu ikon sauke ta, Ya haɗa mu da mataimaka masu faɗa mana gaskiya, Ya kuma ba mu kunnen jin ta, amin.